Ƙwayar Farfaɗiyata Na Ba Karena

Malam Edita, ban yi makaranta ba. Ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, bayan na yi furfura. Ku gyara inda ya karkace, amma ku bar maganar yadda take.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai ina zaune a wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu da tsohuwar uwarsa. Sana'ata daddawa. In dafa kalwa yini guda a manyan tukwane, in surfa, in wanke, in rufe ta, in mulmula, ran kasuwa in ɗauka a ka har Bakori. Da ita muke ci. Amma ina da farfaɗiya, kuma daga surukata sai malamin asibitin mishan suka sani. A wurinmu an yarda kumfar bakin mai farfaɗiya tana harbin mutum. Ba a cin ƙwarya ɗaya da shi, in ya faɗi ba a taɓa shi. Ran da aka ji, ba mai ƙara sayen abin da hannuna ya mulmula.

Abu biyu suka rufa mini asiri. Na farko wata 'yar farar ƙwaya da malamin yake ba ni duk wata, ina sha kullum. Ta rage ciwon ƙwarai, amma ba ta kore shi ba. Na biyu jan karen da mijina ya bari. Kafin ciwon ya zo, sai ya tashi ya kama bakin zanena yana ja, yana kuka ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya koya masa. In ya yi haka sai in bar murhu, in shiga ɗaki, in kwanta a ƙasa har abin ya wuce. Shekaru ina aikin wuta, ko yatsa ban ƙone ba.

Da damina san da ƙanin mijina yake huɗa da shi ya harbi karen a ka. Ya rayu, amma ya zama wani kare. Yana dafe kai da bango yana kuka, in an taɓa kunnensa ya yi ƙara. Wata rana da hantsi ya faɗi a tsakar gida, ya sandare, ya shiga shure-shure, kumfa na fita, fitsari na zuba. Ni da na daɗe da farfaɗiya ban taɓa ganinta ba, domin in ta zo ba na cikin hayyacina. Ranar na ga abin da surukata take gani a jikina. Na zauna a kan turmi.

Yara suka kai labari. Ƙanin mijina ya shigo da kulki, ya ce karen ya haukace, in matsa ya gama da shi kafin ya ciji wani. Na ce mahaukacin kare gudun ruwa yake yi, wannan kuwa ga shi ya farfaɗo yana lasar ruwa a kasko. Ya yi dariya, ya ce ashe yanzu a tukunyar kalwa ake koyon aikin asibiti, in ba haukan kare ba ne to in gaya masa sunan ciwon, in kuma gaya masa inda na san shi. Na juya na ƙara wa karen ruwa. Ya ce ya bar mini shi don darajar yayansa da ke kabari, amma in ya sake faɗuwa, ba sai ya nemi izinina ba.

Da ya fita na ɗauki ƙwayata guda na cusa cikin lomar tuwo na ba karen. Yadda nake sha haka na ba shi, ban gutsura ba. Ya yi ta barci. In ya tashi yana tangaɗi kamar wanda ya yini a gidan burkutu. Amma kukan ciwo ya tsaya, faɗuwa ma ta tsaya. Sai dai ƙwayar ta mutum ɗaya ce. Na ji tsoron neman ƙari, kada malamin ya ji maganin da ake ba ni don Allah kare nake ba, ya hana ni gaba ɗaya. Da farko yau ni, gobe shi. Ranar da na hana shi sai na ga leɓensa na rawa, na tuna kulki. Daga nan na bar masa duka. Lissafina shi ne, muddin yana raye zai ja zanena, ko ba ƙwaya zan tsira.

Surukata ta kama ni ina cusa tuwon. Ta ce 'yar nan, in kin mutu karen ne zai yi wa jikokina tuwo? Na ce Iya ta bar ni, na san abin da nake yi. Ban sani ba. Barci ya ƙaurace mini. Na daina leƙa rijiya. Na daina goya ƙaramin. In ina gaban murhu, ido ɗaya na kan wuta, ɗaya na kan karen, shi kuwa yana kwance ƙarƙashin rumbu, ƙuda na bin fuskarsa bai kora ba. Ina ganin haka, amma kasuwa ta matso kuma gidan ba hatsi.

Ranar na ɗora tukwane tun safe. Na sunkuya in tura itace. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran surukata ce ta gaya mini. Na faɗi hannuna na hagu cikin murhu. Ta yi ihu, matan maƙwabta suka taru a bakin zana, suka ga kumfa, ba wadda ta tako. Ita ma tsoron kumfar take. Da fartanya ta maƙalo zanena ta ja ni waje. Karen bai ko ɗaga kai ba, ƙwayata ta danne shi. A amalanke aka kai ni asibiti. Yatsu uku suka tafi, sauran suka manne.

Malamin bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce yanke wannan ƙwaya farat ɗaya shi ke kawo faɗuwa mafi muni. Ya ce ana ba kare irinta, amma gwargwadon nauyinsa, kuma akwai malamin dabbobi a Funtua da aikinsa ke nan, da na yi magana da ya aika ni. Ya ce kumfa ba ta harbin kowa, ga shi yana share mini baki da hannunsa.

Ina kwance ba mai ba karen ƙwaya. Abin da ya same ni ya same shi, ya yi ta faɗuwa ba tsayawa. Ƙanin mijina da kansa ya zo ya gaya mini ya hutar da shi. Ya ajiye ƙwai a bakin gado, ya ce da na faɗa masa gaskiya da bai matsa mini ba. Bai dubi hannuna ba. Da na warke na gwada kai daddawa kasuwa, na dawo da ita yadda na ɗauka. Na koma tsinkar auduga a gonakin mutane da hannu ɗaya, da haka na raini yaran.

Ban yi nadamar tausayin karen ba. Nadamata shirun da na yi. Tsoron bakin mutane ya hana ni tambayar wanda ya sani, kuma a ƙarshe mutanen duk suka sani. Mai shan maganin farfaɗiya, kada ka yanke shi, kada ka raba shi da kowa, ko mutum ko dabba. In dabbarka na faɗuwa, kai ta wurin malamin dabbobi. Ku kuma masu tsayawa a bakin zana, in kun ga mutum ya faɗi kusa da wuta, ku sa hannu ku jawo shi. Kafin a nemo fartanya, hannu ya riga ya ƙone.