Raga Mai Yatsa Uku Daga Guangzhou

Yawuri zuwa Abuja

Ana idar da sallar asuba na bar Yawuri a motar haya. Sana'ata sayar da ragar kamun kifi, kuma saƙon da masuntanmu suka haɗo ni da shi guda ne: in sayo musu raga mai ƙananan idanu, wadda ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Kifin kogi ya ƙanƙance, babban ido ba ya riƙe komai. In na dawo ba ita, shagon maƙwabcina za su koma. Mun sha shingayen jami'ai kafin Kwantagora, direba yana ta miƙa gaisuwa ta taga. Washegari jirgi ya ɗauke mu daga Abuja zuwa ƙasar Sin, muka yada zango a Adis Ababa.

Xiaobei

Mai masaukina Alhaji Isufu ne, mutumin Maraɗi mai aikin tura kaya a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou. Ya kai ni wani gidan abinci a hawa na sama, aka zubo tuwon shinkafa da miyar kuka, na ci har na kwance ɗamara. Na ce masa kafin in ga masana'antar raga ina so in ga teku, in ga yadda mutanen nan ke jan taru.

"Kai Bayawuri," in ji shi, "wasu na zuwa kallon benaye, kai ƙarnin kifi ka biyo?"

Bakin teku

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka bi zuwa Nansha, muka ƙarasa da tasi. Na yi zaton hayaniya irin ta kasuwar kifinmu. Sai na tarar da jirage a jere, a ɗaure, maza na shafa fenti. Wata dattijuwa tana zaune tana gyaran raga. Na yi mata alamar kifi da hannu.

"Meyo," ta ce, wato babu.

Isufu ya yi mana tafinta. Ashe na zo a watannin da ake rufe teku duk shekara don kifi ya hayayyafa. Ta ce a wasu garuruwan ma an fara gwada ƙayyade abin da za a kama, a raba tsakanin jirage, kowa ya cika rabonsa ya tsaya.

"To me kuke ci kafin a buɗe?"

Ta yi dariya. Akwai ɗan tallafi, akwai gyaran kaya, akwai kuma haƙuri. Na zura hannu a ragarta kamar yadda muke aunawa a gida, yatsuna uku suka wuce. Kakana ya faɗo min a rai. A zamaninsa Sarkin Ruwa kan hana kamun kifi a wasu guraben har damina ta wuce, ba mai ƙetarewa. Mu ne muka bari.

Masana'anta

Laoban, wato mai gidan, ya tarbe mu da shayi mara sukari, na daure na shanye. Na nuna masa samfurin masuntanmu. Nan take ya sa aka fito da irinta, dami-dami.

"Tambaye shi, su ma suna sa ta a ruwa?"

Isufu ya tambaya, ya juyo gare ni. "Wai a nan in aka kama ka da ita ka shiga uku. Ta fitarwa waje ce."

Wallahi raina ya sosu. Ba haushinsa na ji ba, ciniki yake yi. Na ce a rubuta min mai yatsa uku.

"Bayawuri, ka tuna masu jiranka fa," in ji Isufu.

"Na tuna. Rubuta."

Na cusa guda biyu a jakata, sauran za su biyo jirgin ruwa.

Gida

Na iso Yawuri da la'asar, lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Alhaji Isufu da alheri, ya yi min abin da ɗan'uwa ke yi.

Da safe masunta suka cika shago. Kowa ya zura yatsunsa, ya dube ni. Wani ya ce ko giwa na sayo musu ragar kamawa. Fiye da rabinsu suka tsallaka wurin maƙwabcina, ina kallo. Sai Yaya Garba, wana, ya matso. Ya saɓa guda a kafaɗa ya nufi kwale-kwalensa.

Kwana na farko bai samo komai ba, ya wuce ni ko kallo babu. A na gaba ya shigo gida da manyan kifin ragon ruwa guda biyu kacal, ya ajiye a kwano gaban Inna, mahaifiyarmu. A kwanon nan ya saba juye mata ƙanana ta soya su ɗungurungum. Ta ɗaga ɗaya, ta jinjina nauyinsa, ta daɗe tana dubansa.

"Ku nemo min wuƙa," ta ce. "Na manta rabona da kifin da sai an yanka."