Fostar da Ke Kan Bonet

Mijina bai yarda a manna wa motarsa ko da kan sarki ba. Tsohuwar mota ce shuɗiya, wadda ya saya dab da zai yi ritaya daga aikin gwamnati, amma yana lallaɓa ta kamar ƙwai a cokali. Sitikar coci da ake rabawa ƙarshen shekara, da hannu biyu yake karɓa, ya yi godiya, ya kawo gida ya manna a jikin firji. Fasto ya taɓa yi masa magana a kai, sai ya ce, "Fasto, Yesu yana cikin motar, ba sai ya hau gilashi ba."

Wani lokacin zaɓe ya ajiye ta kusa da kasuwar Kafanchan, kafin ya dawo 'yan kamfen sun lafta mata sitikar ɗan takararsu a but. Ranar wuni ya yi a tsugune a tsakar gida, da ruwan ɗumi a bokiti, da tawul, da tsohon katin banki, da man gyaɗan da ya sato mini a kicin. Na tsaya a kansa na ce ko ni da na haifa masa 'ya'ya bai taɓa shafa mini mai da irin wannan natsuwa ba. Bai ko ɗago ba. Cewa ya yi, "Gam ba ya son gaggawa. Ɗumi za ki ba shi, shi da kansa zai saki." Na yi tsaki na koma ciki.

A farkon damina ya rasu, bayan gajeriyar jinya. A wajenmu idan za a ɗauko gawa daga mutuware zuwa ƙauye, ana buga fosta mai hoton mamaci, a manna a kowace motar da za ta bi ayari, don masu hanya su san abin da ke tafe su kauce. Matasan coci ne ke wannan aiki, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Da suka zo kan motarsa sai suka ga ai ita ta fi cancanta da babbar fostar. Suka shimfiɗa ta a tsakiyar bonet, suka bi ta da salatif ruwan ƙasa irin na ɗaure kwali, gefe da gefe, har ninki biyu don kada iska ta ɗaga. Ina gani da idona, amma ranar ba ni da bakin magana. Babban ɗana ne ya tuƙa mu har ƙauyensu, can gaba da Fadan Kaje.

Sauran mutane tun a ranar suka ɓalle nasu. A hanyar dawowa ma na hango guda a cikin taɓo a gefen titi, na kawar da kai. Tawa ta zauna. 'Ya'ya suka koma garuruwan aikinsu, baƙi suka watse, ruwa ya yi ta dukan takardar, rana ta yi ta gasa ta. Da hutun makoki ya ƙare na koma makarantar da nake koyarwa, sai zafin inji ya ƙaru a kai, don da motar nake zuwa.

Ban san gaisuwa tana gajiyar da mutum haka ba sai a makonnin nan. Ko'ina na tsaya, fostar ta riga ni magana. Masu Keke da suka saba danna mini oda idan na yi nawa a mahaɗa, sai su leƙo su ce, "Mami, sai haƙuri." Mai doya a kasuwa ta bar ciniki ta kama hannuna. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a bakin get, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce Allah ya ba ni haƙuri, mutumin kirki ne. Dukansu da alheri suke yi, na sani. Amma ni na gaji da cewa amin. Nakan dawo gida in zauna a cikin motar, in kasa ko buɗe ƙofa, shi kuma yana can kan bonet sanye da hular da ya fi so, yana murmushi wa sama.

Ƙanwarsa ce ta fasa ƙwan. Ta zo daga ƙauye da ƙullin acca, ta zagaya motar tana riƙe da haɓa, ta ce, "Matan mu, wannan abu ya isa haka. Kina yawo da ɗan'uwana cikin gari kaman mai neman ƙuri'a. Kawo reza in cire shi yanzu yanzu." Kafin in amsa ta sa farce a kusurwa ta fizga. Farin gefen takardar ya yage, salatif ɗin ya tsinke, ya bar wani danƙo baƙi-baƙi a kan fenti. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta ja baya tana kallona, don tun da na shigo gidansu ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Abu biyu nake tsoro. Reza za ta karce fentin da mutumin nan ya ƙare ƙarfinsa yana tsarewa, fizga kuma za ta raba fuskarsa biyu a gaban idona. Ko ɗaya ba zan iya ɗauka ba.

Ranar Asabar da hantsi na ɗora ruwa, na sauke kafin ya tafasa. Na nemo tawul ɗin nan da katin, suna nan inda ya bar su a but. Na jiƙa tawul na ɗora a kan salatif na gefe ɗaya, na jira har ɗumin ya ratsa, sannan na sa bakin katin a ƙarƙashi na ɗaga kaɗan. Ba sama ake ja ba, kwantar da shi ake yi a ja baya a hankali, haka na ga yana yi. In ya yi tauri sai in sake jiƙa tawul. Ruwan ya huce, na koma na ɗumama wani. Bayana ya ƙage, gwiwoyina suka fara ƙara, ƙanwarsa kuma tana zaune a kan benci tana ba da shawara. Ta ce a zuba fetur, minti ɗaya an gama. Na ce yayanta ya ce fetur yana kashe hasken fenti. Ta ce, "To, Malama, ki yi ta yi."

Da gefunan suka saki sai na tarar tsakiyar takardar ma ta kama, ruwan sama da zafi sun liƙe ta da ƙarfen. Dole in shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a kan fuskarsa. Wannan ne ya fi yi mini wuya, don na riga na ga an rufe fuskar nan da zane sau ɗaya a asibiti. Na tsaya hannuna a kan tawul ɗin ina jin ɗuminsa, hawaye na zuba, ban share ba. Ƙanwarsa ta taso ta riƙe mini ɗaya gefen. Muka ɗaga tare, ni da kati ita da tafin hannu, kaɗan kaɗan. Layin ƙasa mai ranar jana'iza ya narke ya bi tawul, kalar hular ta koɗe, amma fuskar ta fito ɗungurungum.

Saura danƙon, murabba'i guda a tsakiyar bonet, ƙura ta manne masa. Na ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba na shafa da yatsa, na bar shi ya jiƙa, na dawo na murza da tsumma mai laushi. Yana naɗewa ƙanana-ƙanana yana fita. Wani wurin sai da na maimaita. Daga ƙarshe na wanke da sabulu da ruwa mai yawa, na goge, na duƙa na duba ta gefen da rana ke haskawa, yadda yake yi. Babu ko ƙarzane ɗaya. Fostar kuma na shanya ta a inuwa, da ta bushe na sa ta cikin akwatin kayansa.

Ranar Litinin ba wanda ya tare ni. Wani mai Keke ma har zagina ya yi a mahaɗa, na ji daɗin zagin. Na yi aikina na tashi, na ce yau dai na huta.

Da zan koma gida na ga mai ya yi ƙasa, na biya gidan man da ke hanyar Kagoro, inda shi ya saba sha. Tun rasuwar ban je can ba. Mai zuba man dattijo ne, sun saba raha da mijina. Ya shafa bonet da tafin hannu yana dariya, ya ce, "Kai, motan Baba kullum sai sheƙi! Mami, ina shi? Kwana biyu ban gan shi ba, ko ya yi tafiya ne?"

A nan na gane ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. A asibiti likita ne ya faɗa, 'yan'uwa ɗana ne ya kira su, Fasto ya sanar a coci, sauran gari kuma takardar nan ce ta yi ta gaya musu a madadina. Mutumin yana tsaye da tiyon mai a hannu yana jira, dariyar tana gushewa daga fuskarsa. Na kashe injin, na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ce masa, "Mijina ya rasu."