Zaren da Sonaullah Ya Ɓatar

Idan aka tambayi Sonaullah Reshi sana'arsa, sai ya ce shi ne mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan aikin da in ya yi kyau ba wanda zai gan shi. A garin Pahalgam mai tsananin sanyi yake, bakin kogin Lidder, yana haɗa sandunan kamun kifi na gora. Zobban da igiya ke bi ta cikinsu da zaren siliki ake naɗe su a jikin sanda, a shafe da man ƙyalli. Kowa ja ko kore yake naɗawa, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa.

Shi ma haka yake yi, har ranar da wani baƙo ya kawo gyaran wata sanda. An naɗe ta da farin siliki wanda ya sha mai har ya ɓace, ana hango gorar tas ta cikinsa. A shagon mai burodi, gaban jama'a, Sonaullah ya bugi ƙirji ya ce shi ma zai yi. Amininsa Habib Wagay, mai raka baƙi kamun kifi, ya kusa shaƙewa da shayin gishiri.

“Kai ɗin? Da waɗannan yatsun naka kamar rogo? Ranar da ka yi, ka kawo in gani da idona, zan cire hula in gaishe ka.”

Wannan gaisuwar ce ta hana Sonaullah sakat shekara da shekaru. Man ba ya bushewa a sanyi, sai gogan naku ya yi dabara: ya cusa sandar cikin burmemiyar rigarsa ta ulu, kusa da kangri, kaskon garwashin da yake runguma. Ta fito da toka da gashin riga manne ko'ina. Wata ta yi kumfa, wata ta yi dishi-dishi. Duk wadda ya kai, Habib sai ya ɗaga ta a rana ya ce, “Ga zarenka nan yana gaishe ni.”

Daga ƙarshe ya yi fushi ya daina kai masa, ya daina ma zuwa shagon. Ya ajiye kangri, ya tuɓe rigar, yana aiki daga shi sai singileti, haƙora na kaɗawa.

“Baban Shugufta,” in ji matarsa Zoona, “in sanyi ya kashe ka, me zan ce wa mutane? Zare?”

“Ki ce wauta. Za su gane.”

A hunturun da ya wuce abin ya yiwu. Ya tsinka man sosai, ya ɗumama shi, ya bar silikin ya sha a hankali. Zaren ya ɓace ɓat. Ya naɗe sandar a mayafin Zoona, ya nufi gidan Habib yana tafiyar ango.

Ya same shi a ƙofar gida yana shan hantsi. Habib ya karɓa, amma bai ɗaga ta a rana ba. Da babban yatsa ya bi naɗin yana shafawa, fuskarsa na kallon wani wuri. A nan Sonaullah ya lura da farar yanar da ta rufe masa ido duka biyu.

“Ya ɓace?” Habib ya tambaya.

“Ya ɓace.”

“To ai na riga ka, tsohon banza. Ni tun bara duk zaren duniya ya ɓace mini.”

Sonaullah ya yi dariya, amma kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Gida bakwai ne tsakaninsu, amma bai sani ba.

“Me ya sa ba ka aiko ba?”

“Na ce kada in ɓata maka aiki,” in ji Habib. “Zauna mana, ka tare mini rana.”