Injin da aka ɗora ni a kai aka sauke ta

A ƙarshen shekarun tamanin ni matashiya ce mai ƙarfin jiki, haifaffiyar Salaga, 'yar masu fataucin doya. Aure ya kai ni Yendi, gidan wani mai sayar da dawa da masara, ina ɗan tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ban taɓa kwana a asibiti ba, ban ma san mene ne aikin ƙoda a jikin mutum ba, sai bayan haihuwata ta fari.

A gida na haihu, na zubar da jini sosai. Kafin suna sai na lura fitsari ya ɗauke mini. Kunya ta hana ni faɗa wa surukata, ina ganin wannan ba maganar da amarya za ta yi a gidan miji ba ce. Da ƙafafuna suka kumbura aka ce jego ne, aka ƙara mini jiƙo da ruwan zafi, ni kuwa ina sha ina shiru. Sai da fuskata ta haye, amai ya ƙi tsayawa, na fara kiran mutane da sunan da ba nasu ba, sannan mai gidana ya ɗauke ni zuwa asibiti. Daga can aka tura mu Tamale. Likitan Tamale ya ce ƙodojina sun tsaya, dattin da ya kamata ya fita da fitsari yana yawo a jinina, kuma injin da ke wanke jini babu shi a duk arewacin ƙasarmu, sai Ankara, babban birninmu da ke can kudu. Aka bar jaririna wajen surukata, aka shimfiɗa ni a bayan mota.

A Ankara, ɗakin da aka kwantar da ni kowa Turanci yake yi ko Ashantanci, ba na jin ko ɗaya. Ranar da za a fara ɗora ni a kan injin, na ga robobi da allurai, na ga jinin wani yana zagayawa a ciki, na fashe da kuka. Sai matar da ke gadon kusa da ni ta yi mini magana da Hausa. 'Yar ƙabilar Kusasi ce daga garin Bawku, malamar makaranta, ta girme ni. Ta ce in kwantar da hankalina, jinina ne zai fita ya dawo, ba za a musanya mini da na kowa ba. Daga ranar nake kiran ta Yaya. Ita ke fassara mini maganar likitoci. Ita ta koya mini jiƙa tsumma in riƙa shafa wa leɓena, don an hana mu shan ruwa sai ɗan kaɗan, ƙishi kuwa kamar zai kashe mutum. Idan nonona ya cika yana zuba ina kukan ɗana, takan ba ni labarin 'yarta da ta bari a Bawku.

Injinan kaɗan ne, ɗaya ma ya lalace, marasa lafiya kuma suna ta zuwa. Wata safiya babban likita ya tsaya a gadon Yaya ya daɗe yana magana a hankali. Da ya tafi na tambaye ta, ta ce an sallame ta. Ciwonta na hawan jini ne da ya daɗe yana cin ƙodojinta, ba za su sake tashi ba. Nawa kuwa ana sa ran za su farfaɗo, don haka lokacinta a kan injin ni za a ƙara wa. Ta faɗi haka ba tare da muryarta ta canza ba. Abin da har yau yake cin raina shi ne, kafin tausayi ya zo mini, daɗi na fara ji. Na kawar da kai don kada ta gani a fuskata, ban sani ba ko ta gani. Kafin mijinta ya zo ɗaukarta ta zauna ta yi mini kitso da kumburarrun yatsunta, ta ce bai kamata in koma wa ɗana da kai a tsefe ba.

Bayan wasu makonni fitsari ya dawo mini, na koma Yendi a rame. Da na ji ƙarfi na matsa wa mai gidana ya kai ni Bawku. Mun yi ta tambaya har muka sami gidan su Yaya. Mahaifiyarta ta ce ba ta iso da rai ba, a garin Walewale, kan hanyar dawowa, ta cika cikin mota. Tsohuwar ta kawo mini ruwa, ta sa mini albarka da na yi wannan tafiya, sannan ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa aka sallami 'yarta alhali ba ta warke ba. Yarinyar da Yaya ta bari tana jingine a jikin tsohuwar tana kallona. Na ce ban sani ba.

Ban ga laifin likitocin ba, abin da ke hannunsu ke nan. Amma da na buɗe baki tun ranar farko, wataƙila da ruwa da jini kawai za a ƙara mini a kusa da gida, da ban je na tsaya a layin da ran wata ke rataye ba. Don haka nake roƙon mata 'yan'uwana, musamman masu jego, idan fitsari ya ragu ko jiki ya kumbura, ku faɗa nan take, ku tafi asibiti, ku ajiye jiƙon da ba ku san abin da ke cikinsa ba. Masu hawan jini kuma ku riƙa zuwa awo tun ƙodar tana aiki. Ni na rayu, na aurar da ɗana, amma duk lokacin da na yi wa iyayena addu'a sai na sa Yaya a ciki, kuma har tsohuwar nan ta rasu ban koma na gaya mata gaskiya ba.