Yadda Na Zama Bakin Kakata da Matar Kawuna

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni ina shekarar farko a jami'a a Landan, ina karatun harhaɗa magunguna. Ba ni da yawan magana. In aka yi baƙi, ɗaki nake shigewa da littafina. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, likita ne, shi ya ba ni ƙaramin ɗaki a gidansa da ke Camberwell. Mahaifina bai yarda na taho ba sai da aka tabbatar masa a hannun dangi zan zauna, don haka ɗakin nan shi ne ke riƙe da karatuna gaba ɗaya.

Ana cikin haka kakata Hajiya, mahaifiyar Kawu, ta zo daga Kano aka yi mata aikin gwiwa. Ga sanyi, ga ba fita, ga ba maƙwabtan da za a yi hira da su. Matar Kawu, wadda muke kira Anti, ta kunna mata wani fim ɗin Koriya mai dogon zango: ɗan masu kuɗi ya auri 'yar talakawa, uwarsa kuma ta rantse sai ta raba su. Hajiya ba ta karanta Turancin da ke fitowa a ƙasan allo, sai ta ce a kira mata 'yar boko ta zo ta yi amfani. Haka na zama tafinta. Ni kuma ba na iya yin abu sama-sama. Duk abin da suka faɗa sai na mayar da shi Hausa daidai, har da gatsen da ke ciki.

Abin da ban lura ba shi ne, Hajiya da Anti ba su taɓa yin sa-in-sa ba, amma kowacce na da nata a ciki. Hajiya na ganin Anti ce ta hana ɗanta komawa gida. Anti na ganin tun zuwan Hajiya babu miyar da ta yi daɗi, babu yaron da ya iya gaisuwa. Kunya ta hana su faɗa, sai ga bakina ya samu. In uwar miji a fim ta ce wa amarya ta shigo ne don dukiya, sai Hajiya ta ce in tsayar, kunnenta bai kama ba, in maimaita da ƙarfi, alhali Anti na kicin ƙofa a buɗe. In amarya ta ce wa uwar mijin ta bar ɗanta ya yi numfashi, sai Anti ta leƙo da ludayi a hannu ta ce in sake faɗa wa Hajiya wannan wurin, yana da ma'ana. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da manya, ni ce kullum nake zazzaga wa kakata rashin kunya da harshenmu, in juya in ci wa matar kawuna mutunci. Su kuwa sai murmushi da sannu da aiki. Ga jarrabawa ta matso, amma da na buɗe littafi za a ƙwala min kira.

Da na gaji, sai na fara gyara musu magana. Matan nan biyu na fim suna hararar juna, jijiyoyin wuya a miƙe, ni kuma ina cewa suna tambayar lafiyar juna ne. Hajiya ta yi mamaki, ta ce mutanen Koriya da fushi suke gaisawa ke nan. Rannan amarya ta watsa wa uwar mijin magana mafi zafi, na ce gafara take nema. Ashe Anti na tsaye a bayana tana karantawa. Nan take ta ce ba haka aka rubuta ba, kuma da bakinta ta fassara wa Hajiya ainihin maganar, kalma bayan kalma. Na zaci gidan zai kama da wuta. Ina! Kaina suka juyo. Hajiya ta tambaye ni tun yaushe nake mayar da ita sakarya, Anti ta ce dama masu shiru-shirun nan abin tsoro ne. Ranar ce na fara ganin bakinsu ya zo ɗaya.

Kawu ya dawo daga asibiti ya tarar da ƙara biyu a kaina. Bai yi faɗa ba. Cikin lallashi ya ce wataƙila zan fi samun natsuwar karatu a wurin wata 'yar uwarmu a Stratford. Can na koma, ɗaki ɗaya da yara uku, ina bita a cikin jirgin ƙasa, mahaifina kuma har yau yana tambayata me na yi wa tsohuwa. Na ji labari Anti ce ta ci gaba da fassarar, suna zama kujera ɗaya suna tsine wa uwar mijin tare.

Abin da na koya shi ne, shirun da nake ɗauka ladabi ne, shi ya sa aka mayar da ni abin aike. Da tun farko na ce ina da karatu, da fushin yini ɗaya za a yi. 'Yan uwana ɗalibai da ke zaune gidan dangi, in kuka ga manya biyu na neman aron bakinku, ku nemi afuwa ku tashi. Su za su shirya, ku za a haɗa wa kaya.