Turakun da Laka ta Riƙe

Aikin farko da aka damƙa mini bayan na gama karatun injiniya a Villeurbanne na ƙarƙashin ƙasa ne. Wata tsohuwar tashar lantarki mai ƙona kwal, a bakin kogi, za a yi wa sabon ginin tace hayaƙi, don mutanen kewayen sun daɗe suna shaƙar abin da take fitarwa. Ginin mai nauyi ne, ƙasar wurin kuwa laka ce zalla. Dole sai an buga dogayen turakun ƙarfe can ciki, sannan a ɗora ginin a kansu. Ni na yi lissafin tsawonsu a ofishinmu na Lyon.

Ina cikin bas zan koma gida Vaulx-en-Velin mai kula da filin aikin ya kira ni.

"Madame, turakun gwaji sun kai inda kika ce, amma har yanzu in guduma ta sauka nutsewa suke yi. Ba su tsaya ba."

Har bas ta wuce unguwarmu ban sani ba.

Washegari aka kira mu taro a Paris. Manya suka ce a ƙara wa kowane turke tsawo, ko da aikin zai ja watanni. Da aka waiwayo ni, na faɗi abin da malaminmu ya koya mana: bugun guduma yana dama laka, ruwan cikinta ya taso, ta yi laushi. In aka ƙyale ta, sai ruwan ya janye, ta dawo ta kama ƙarfen. Na roƙi a dakata makonni kaɗan a sake gwadawa. Shugabana ya daɗe yana kallona kafin ya ce ya yarda, amma in lakar ba ta kama ba, ni zan tsaya in yi bayani.

Daga nan na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Château Rouge, shagon gwaggona mai sayar da atamfa. Tana auna wa wata mata yadi ta dube ni.

"'Yata, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Laka nake jira."

Na yi mata bayani. Ta ce ba ta gane komai ba, amma ta gane ban ci abinci ba. Ta aika aka kawo mini shinkafa da miyar gyaɗa, ta zauna kusa da ni har na cinye.

Makonnin nan sun yi mini tsawo. Na sake lissafin har na daina ganin lambobin. Babana, wanda ya yi shekaru yana tuƙin bas, kullum in na shigo sai ya ce, "Yaya lakarki?" In ce, "Tana nan, Baba."

Ranar gwaji na je filin da kaina. Ana yayyafi, bututun tashar na ta hayaƙi a bayanmu. Aka ɗora gudumar a kan turke na farko, aka ja alli a jikinsa. Ta sauka, ƙarar ta shige mini har haƙora. Na dubi layin allin. Da ƙyar ya motsa. Aka sake bugawa, haka. Aka koma na biyu, shi ma ya cije.

Mai kula da filin ya cire hular kwanonsa ya share goshi. "Ça tient," in ji shi. Wato, ya riƙe.

Na zauna a kan wani tarin katako a cikin ruwan, ina ta hamdala a zuci. Wani mai walda ya miƙo mini kofi mai zafi, ya ce in tashi kada wandona ya jiƙe, alhali ya riga ya jiƙe.

A jirgin komawa barci ya kwashe ni tun kafin mu bar gari. Mai duba tikiti ne ya tashe ni a Lyon, kowa ya riga ya sauka.