Ranar da Aka 'Yanta Bayin Kamfani

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka 'yanta bayi a kamfaninmu na ruwan gora da ke Idu ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don ku da kuka shigo aiki bayanmu ku ji. Shayi nake kaiwa ofisoshi. Mijina Malam Sabo, Allah ya jiƙansa, kwalayen ruwa yake lodawa a mota. Tare muke fitowa daga Masaka kullum.

Ma'aikata kashi biyu ne. Akwai na dindindin, masu katin asibitin kamfani. Akwai 'yan kashuwal, wato na wucin gadi, ba kati. Malam ya yi furfura yana wucin gadi. Da damina ta kama, tari ya sarƙe masa ƙirji. Na yi niyyar in roƙi Oga Manaja ya sa a ba shi katin.

Sai na tarar Oga ba ya ganin kowa, an kafa kwamiti. Injiniya Istifanus, ɗan Filato mai kirki, shi ya fahimtar da ni. Ya nuna min wani akwati mai fitilu, ya ce sunansa fi-el-si, shi ke ba injuna umarni ta waya. A yarensu ana kiransa ubangida, ƙananan akwatunan da ke ƙarƙashinsa kuma bayi. Bawa ba ya magana sai an tambaye shi. To, masu kamfani sun aiko daga waje cewa sunan nan cin mutunci ne, a canza shi.

'Yan kwamiti suka yi makonni suna zama, ina zuba shayi. Wani ya ce a kira su shugaba da mabiya, wani ya ce ai wannan siyasa ce. Daga ƙarshe aka tsaya kan mai nema da mai hidima. Aka yanka kek, aka ɗauki hoto da akwatin.

Na tambayi Injiniya ko yanzu bawan zai iya buɗe baki don kansa. Ya yi dariya, ya ce, "Mama, waya ɗaya ce, aiki ɗaya ne. Suna kawai muka taɓa."

Ganin Oga yana fara'a, na ajiye tire na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani bawan a waje, yana tari. Kati muke roƙo."

 Oga ya ce na taɓa masa zuciya, ai kalmar kashuwal ma ba ta dace da ɗan Adam ba. Nan take ya ba da umarni: daga yau sunansu abokan hulɗa. Aka tafa. Kati kuwa, ya ce sai an kafa wani kwamitin.

Malam bai ga kaka ba. Har yanzu in motar Masaka ta tsaya, sai in matsa in bar masa wuri, in kuma tuna, hawaye su zubo. Kamfani ya aiko gaisuwa, wai sun yi rashin babban abokin hulɗa. Injiniya ne kaɗai ya tako gidan, ya zauna a tabarma ya yi mana ta'aziyya.

Abin da aikin nan ya koya min ke nan, 'ya'yana. In kun ji manya sun taru za su sake muku suna, ku karɓa da godiya, amma ku tambayi ko an taɓa wayar.